Tsarnawa da Mutanen Bayan Kwalta

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ya ratsa Tsarnawa, ko ya lura ko bai lura ba. Mota na barin Birnin Ƙonni ta fuskanci gabas, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, sai ga mararraba. Wanda ya miƙe zai bi ta Malbaza da Galmi da Madawa. Wanda ya karya hagu ya kama hanyar arewa ke nan, ta Gidan Idar da Badagishiri zuwa Tawa, daga can kuma Abalak da Agadas da Arlit. A allon hanya da takardun gwamnati Tsernaoua ake rubutawa, bisa ƙa'idar Faransanci. A bakin direba da ɗan kamasho da mai tallan albasa kuwa Tsarnawa ne.

Abin da ke ratsa wannan mararraba ba kaɗan ba ne. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kuma shekaru da dama manyan motocin da ke kai shi tashar jirgin ruwa ta Kwatano ta nan suka riƙa saukowa, su juya yamma su bi ta Doso da Gaya. Simintin Malbaza, wanda masana'antarsa ke aiki tun shekarun 1960, ta nan yake wucewa zuwa Yamai. Haka albasar Galmi da ake nema har Abijan da Kumasi. Shi ya sa sunan ya fi garin shahara. Dubban matafiya sun san wurin da mota ke rage gudu, 'yan talla su yanyame taga, amma kaɗan ne cikinsu za su iya faɗa maka sunan ƙauye ɗaya da ke bayan kwaltar.

Tambayoyi biyu ake fara yi game da kowane ƙauye idan za a shigar da shi littafin hukuma: ina yake, kuma mutum nawa ne a cikinsa? Ɗan firamare ma zai ga kamar ya san amsa. Amma a kan amsar waɗannan tambayoyi ake yanke inda za a gina rijiya, da inda za a ƙara aji, da inda za a kai ungozoma, da yawan buhunan hatsin da za a sauke a shekarar da damina ta gaza. Idan an amsa su ba daidai ba, akwai wadda za ta biya da ƙafarta da tulu a kai.

Mu fara da ƙasar kanta. Tsarnawa na zaune ne a inda tudun Adar ke gangarowa kudu, ƙasa mai jan dutse da marmara wadda kwaruruka suka tsattsaga. Babban kwarin wannan ɓangare shi ne Maggiya. Ruwa ba ya gudu a cikinsa sai da damina. Yana tasowa daga duwatsun wajen Buza, ya gangaro kudu maso yamma, ya tsallaka iyaka ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin jihar Sakkwato. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba, kuma kusan dukkansa tsakanin watan Yuni da Satumba yake zuba. Manomin nan ya raba ƙasarsa tun kafin masana su zo da nasu rabon: ga jigawa ta gero da wake, ga fadama ta dawa da albasa da kayan lambu, ga fako wanda ruwa ke zamewa a kansa bai bar komai ba. Ƙauyuka ma wannan rabon suka bi. A gefen kwari suna kusa da juna, har mai kiran sallar wani gari yakan tashi mutanen wani. A kan tudu kuwa sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga rumbu.

A ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta datse Maggiya da madatsun Mozage da Zango, aka ja ruwan zuwa matattarar Cerasa, daga nan aka rarraba shi a filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin kadada 2,400 da 'yan kai, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA. An noma alkama da auduga da dawa da albasa a wurin. Da tafiya ta yi tafiya laka ta cike madatsun, magudanai suka farfashe, har sai da aka sa gyaran filin cikin yarjejeniyar tallafin da Nijar ta ƙulla da Amurka a 2016. Can ƙasa kuma mutanen Kalmalo sun daɗe suna kukan cewa tafkinsu ya janye tun da aka tare ruwa a sama. Maggiya na cikin kwaruruka huɗu da Nijar da Najeriya suka sa hannu a kan rabon ruwansu a Maiduguri a 1990. Ruwan ƙauye ɗaya ke nan ya zama zancen ƙasashe biyu.

Yadda aka yi ma Tsarnawa ya zama garin Nijar labari ne da ya kamata a tsaya a kansa. Kafin Turawa, wannan yanki na tsakiyar harkokin ƙasar Hausa ta yamma. A Maratta, wajen Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'arsa suka ci a 1804. Daga arewa akwai sarautar Adar, wadda zuriyar Agabba ɗan Sarkin Agadas ta kafa, kuma fadarta na Illela. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato tafiya ce da ba ta kai kilomita 100 ba, alhali Yamai na can nesa da fiye da kilomita 400.

A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka raba ƙasar da yawancinsu ba su taɓa takawa ba. Suka kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 160, suka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Ƙonni da ƙauyukanta duk suna cikin wannan baka. Shekara ɗaya bayan haka, a watan Mayun 1899, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ba a manta da shi ba, a ƙasar da takarda ta ce ba ta Faransa ba ce. Daga baya Faransawa suka gane cewa rabon ya bar su da hanyar da babu rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, ayarinsu ba ya iya wucewa sai da wahala mai tsanani. Suka koma teburin ciniki. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka turo iyakar kudu, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Da Faransawa sun sami ruwa a hanyarsu ta arewa, da wataƙila yau ɗan Tsarnawa naira ce kuɗinsa, Turancin Ingilishi yake koyo a makaranta, gwamnansa na Sakkwato. Ba a tambayi kowa a ƙauyukan ba, kuma jikokinsu ne ke tsayawa a shingen kwastan idan za su gaida dangi.

Iyakar ta raba hukuma, ba ta raba aure da kasuwa ba. Garin da ke fuskantar Ƙonni a ɓangaren Najeriya shi ma Illela ne sunansa, daban da Illelar Adar da ke arewa, kuma baƙo yakan rikita su. Naira da sefa duk suna yawo a aljihun mutanen yankin. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, talakan waɗannan ƙauyuka ya ji a jikinsa kafin a ji a manyan birane: kuɗin mai ya tashi, dabba ta rasa mai saye, albasa ta ruɓe a rumfa.

Ta fuskar mulki kuwa, sunan Tsarnawa abu biyu yake ɗauke da su, kuma a nan ruɗanin yake farawa. Akwai garin da ke bakin mararraba. Akwai kuma ƙaramar hukumar karkara da aka yanka daga ƙasar Sarkin Ƙonni a gyaran 2002, aka ba ta sunan garin, aka zaɓa mata kansiloli da magajin gari a karon farko a 2004. Tana cikin gundumar Birnin Ƙonni tare da Ƙonni kanta da Bazaga da Allela, a jihar Tawa. Har zuwa 2011 Malbaza da Dogarawa ma a wannan gunduma suke, sai aka ƙara yawan gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63, Malbaza ta sami tata. Don haka mutumin da aka haifa a wani ƙauyen gabas kafin 2011, takardar haihuwarsa na cewa Ƙonni, ta ɗansa na cewa Malbaza, kuma a ɗaki ɗaya aka yanke musu cibiya.

To, mutum nawa ne? Nijar ta yi ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya sau huɗu tun samun 'yancin kai: a 1977 an sami mutum miliyan 5.1, a 1988 miliyan 7.2, a 2001 miliyan 11, a 2012 kuma 17,138,707. A ƙidayar 2012 jihar Tawa na da mutum miliyan 3.3. Gundumar Ƙonni ta tashi da kusan 313,000, Malbaza wajen 232,000, Illela wajen 337,000. Idan aka haɗa ukun an haura 880,000, kusan ninki biyu na jama'ar jihar Agadas, wadda ta cinye fiye da rabin faɗin ƙasar Nijar. Ƙaramar hukumar Tsarnawa ita kaɗai ta haura mutum 70,000, ta zarce cikin garin Ƙonni da aka samu da 63,000 da ɗoriya.

Wanda ya ga wannan adadi a gaban sunan Tsarnawa, sannan ya tuna 'yan rumfunan da ya gani ta tagar mota, zai ce an yi kuskure. Ba a yi ba. Mafi yawan mutanen ba a garin suke ba. Suna warwatse a ƙauyuka da tungaye da rugage masu yawa, wasu a gefen Maggiya, wasu a kan tudu, wasu can kusa da iyaka. Suna ɗaya ya lulluɓe su duka. Kuma su ne abin da ya dame ni, domin duk tsarin da aka yi daga ofis yakan tsaya a inda kwalta ta tsaya, a ce an kai wa Tsarnawa, alhali wanda ke tunga bai ga ko ƙurar motar ba.

Hukuma ba ta ɗauki kowane mazauni daidai da ɗan'uwansa ba. Akwai gari mai maigarin da gwamnati ta amince da shi, yana da littafin haraji da hatimi. Akwai tunga, wadda yawanci wasu magidanta ne suka tashi daga uwar gari don su kusanci gonakinsu, suka fara da bukkar damina, a hankali suka yi ɗakin ƙasa da rumbu da masallaci. Tunga na iya shekara 40 tana nan, 'ya'yanta sun yi jikoki, amma a littafi har yanzu reshen uwar gari ce. Ga kuma Fulani da Buzaye, waɗanda da yawansu ba a ƙarƙashin maigarin da suke maƙwabtaka da shi aka rubuta su ba, suna bin arɗo ko shugaban ƙabilarsu wanda wataƙila yana wata gunduma. Mutum na shan ruwa a nan, yana jana'iza a nan, amma harajinsa da sunansa suna can.

Ga inda abin ke cizo. Ƙa'idar samar da ruwa a karkarar Nijar ita ce rijiya ta zamani ko famfo ɗaya ga kowane mutum 250, garin da ya kai mutum 2,000 kuma ya cancanci tanki da bututu. Tungar da ke da mutum 200 ba ta kai ba. Idan an haɗa lissafinta da na uwar gari, adadin uwar gari ne ke kumbura, a can za a haƙa rijiyar, matan tunga su ci gaba da sammako da jaki da jarka. A rahoto an rubuta cewa an wadata mutum kaza da ruwa, har da su a ciki. Ta fannin lafiya kuma ma'aunin shi ne nisa: duk wanda ke zaune cikin kilomita 5 daga cibiyar lafiya ana lissafa shi cikin waɗanda asibiti ya isa gare su, kuma a faɗin ƙasar wajen rabin jama'a ne kawai ke cikin wannan da'ira. Amma kilomita 5 a taswira daban, kilomita 5 a watan Agusta daban, ranar da ƙorama ta kawo ta raba gari da gari, ga mace na naƙuda a kan amalanke. Wanda bai san ta wane gefen ƙorama ƙauye yake ba bai san inda ƙauyen yake ba, ko da ya riƙe lambobinsa na tauraron ɗan'adam.

Ita ƙidayar ma aiki ne mai wuya fiye da yadda na birni ke zato. Ma'aikacin ƙidaya ba kawuna yake bi ba, gidaje yake bi, kuma abin da ake kira gida a takardarsa shi ne mutanen da ke kwana wuri ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, suna bin magidanci ɗaya. A ƙasar Hausa wannan ma'auni na da santsi. Gida ɗaya mai zaure ɗaya na iya ƙunsar tsoho da 'ya'yansa uku masu aure. Da damina suna noma gandu tare, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Da rani kowa ya koma kan abin da ya samu a gayaunarsa. Gida ɗaya ne ko huɗu? Amsar ta danganta da watan da aka yi tambayar. Sannan ga kunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, wata ma idan an ce ta lissafa 'ya'yanta sai ta tsallake shi. Ga tsoron baki, wanda ke sa mai 'ya'ya da yawa ya ƙi faɗin adadinsu a gaban baƙo. Ga yaron da aka kai karatun allo Sakkwato ko Zariya, wanda a can ba a ɗauke shi ɗan gida ba, a nan kuma ba ya nan. Shekarun haihuwa kuwa sai an bi ta tarihi: an haife shi kafin yunwar 1984 ko bayanta, kafin rasuwar wane ko bayan naɗin wane.

Babbar matsalar ita ce bida. Adarawa sun yi suna wajen tafiya neman kuɗi tun zamanin kakanni. Da zarar an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, samari da magidanta sai su kama hanya: Sakkwato, Kano, Legas, Abijan, Kwatano, wasu Libiya da Aljeriya. A watan Disamba aka yi ƙidayar 2012, lokacin da ƙauyuka da yawa sun koma na mata da yara da tsofaffi. Ƙa'idar ƙidaya ta tanadi wannan: wanda bai kai wata shida da tafiya ba ana rubuta shi mazaunin gida da ba ya nan. Amma wanda ya shekara biyu a Abijan fa? Matarsa na nan, gonarsa na nan ƙaninsa na noma masa, kuɗin da yake aikowa ne ke sayen hatsi idan rumbu ya ƙare, kuma ranar da aka ce za a raba gado ko a naɗa maigari zai dawo ya yi magana a saurare shi. Ƙidaya ta ce ba ɗan garin ba ne. Garin kuwa bai taɓa cire shi ba.

Akwai kuma tsohon tabo. Ƙidayar farko da ƙauyukan nan suka sani ta kwamandan Faransawa ce, wanda ke zuwa rangadi da dogarai, a tara mutane a gindin itace, a kira kowane magidanci ya faɗi matansa da 'ya'yansa da dabbobinsa. Daga wannan littafi ake yanka lanho da jangali. Daga cikinsa ake ɗibar samarin aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946, da waɗanda za a kai soja. Wanda ya faɗi gaskiya ya jawo wa gidansa nauyi. Mutane suka koyi ɓoye yaro a rumbu da kora garke daji, wasu ƙauyuka ma suka riƙa tsallakawa ɓangaren Ingilishi idan abin ya yi tsanani. A zamanin Janar Seyni Kunce aka soke harajin kai na gwamnatin tsakiya, amma na ƙaramar hukuma ya rage, kuma har yau ta hannun maigari ake tara shi. Ba na ganin laifin dattijon da ya ga baƙo da takarda da alƙalami ya fara rage adadin iyalinsa. Abin da ya gani ne, ko abin da ubansa ya ba shi labari.

Sai dai zamani ya juya lissafin. Tun bayan fari na 1973 da na 1984, balle matsalar abinci ta 2005 da ta 2010, kowace shekara bayan girbi ma'aikatan gona kan fitar da jerin ƙauyukan da amfaninsu bai kai ba, tare da yawan mutanen kowanne. Da wannan jeri ake tsara rabon tallafi da sayar da hatsi da rahusa daga rumbunan gwamnati na OPVN. Yanzu ƙauyen da ya rage kansa a littafi shi ke cutuwa. Shi ya sa za ka tarar gari ɗaya na da adadi biyu, ƙarami na ranar haraji, babba na ranar rabo. Masu ofis kan kira wannan rashin gaskiya. Ni ina ganin alama ce ta cewa har yanzu talaka bai yarda littafin nasa ba ne, kuma aikin hukuma ne ta nuna masa cewa shiga littafi na kawo rijiya da malami, ba mai karɓar kuɗi kaɗai ba.

Ko da an ƙirga kowa daidai a 2012, adadin ya tsufa. Tsakanin 2001 da 2012 jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 kowace shekara, kuma binciken lafiya na 2012 ya nuna mace ɗaya na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici. Da irin wannan gudu jama'a na ninkawa cikin shekara 18. Idan ƙaramar hukumar Tsarnawa ta bi sawun ƙasar, cikin shekara 10 ta haura mutum 100,000. Shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce a yi ƙidaya duk shekara 10, amma 2022 ta zo ta wuce ba a yi ta biyar ba. Abin da ake yi shi ne hasashe: a ɗauki adadin 2012 a ƙara masa kaso ɗaya a ko'ina. A matakin ƙasa wannan na iya kusantar gaskiya. A matakin ƙauye kuwa kamar a auna yaro yana shekara 10 ne a ɗinka masa rigar angonci. Garin bakin kwalta na jan baƙi, yana girma fiye da hasashe. Ƙauyen kan tudu da rijiyarsa ta ƙafe na raguwa. Sabuwar tungar da aka kafa a 2015 ba ta cikin lissafin kowa. Ma'aikatan rigakafi sun san wannan sarai, domin sukan yi wa yara allura a wani yanki lissafi ya nuna sun wuce kashi 100 cikin 100, ga kuma yara a layi ba a yi musu ba.

Ƙaruwar jama'a a gona ake fara ganinta. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonsa, saura ta ɓace, burtalin da shanu ke bi ya tsuke, rigimar manomi da makiyayi ta ƙaru duk da dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da aka kafa a ƙarƙashinta. Amma a wannan yanki ne kuma aka ga abin da yawan hannu ke iya yi. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso ƙarƙashin wani shirin asusun IFAD, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki a shuka gero. Suka dawo suka inganta tasu tsohuwar dabarar tassa. Cikin 'yan shekaru fakon da a da ko kyauta ba mai karɓa ya zama abin saye da sayarwa a wajen Badagishiri. Duk wanda zai yi maganar yawan mutanen Adar ya haɗa da wannan, don kada a riƙa kallonsu bakunan ci kawai.

Ko kujerun majalisar ƙaramar hukuma da yawan jama'a ake ƙayyade su. A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rusa majalisun ta naɗa masu riƙo, amma buƙatar sanin adadi ba ta rushe ba. Mai riƙon da aka turo daga wani wuri ma ya fi kansila ɗan gari buƙatar littafi mai gaskiya, tunda bai san tungayen da ka ba.

Kuma littafin yana nan. Bayan ƙidayar 2012 Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, ta fitar da kundin garuruwan Nijar da ake kira RENALOC a 2014. A cikinsa an jera ƙauyuka da tungaye da zanguna na kowace ƙaramar hukuma, da yawan maza da mata, da yawan gidaje, da gidajen da ke noma, da lambobin da ke nuna matsayin wuri a taswira. Aiki ne babba da ya cancanci yabo. Illarsa ita ce da Faransanci yake, a kwamfuta yake, kuma mutanen da aka rubuta a ciki yawancinsu ba su san da shi ba. Shafukan da suka shafi Tsarnawa ba su fi a buga su a manna a bangon ofishin magajin gari ba, a karanta su da Hausa a rediyon karkara, a kira kowane maigari da limaminsa da shugabar mata a ce musu: ga abin da aka rubuta a kanku, ina aka yi daidai, wace tunga aka manta, wace ruga aka tsallake? A zama ɗaya za su gyara abin da ma'aikacin da aka turo daga nesa ba zai gano a mako biyu ba.

Idan ƙidaya ta gaba ta zo, ina fatan a ba kowace tunga layinta ko da gida goma ne a cikinta, a rubuta ta wane gefen ƙorama take da kuma wata nawa hanyarta ke yankewa, sannan a buɗe gurbi na musamman ga 'yan bida da suka wuce wata shida, a san su nawa ne kuma ina suke. Tsakanin ƙidaya da ƙidaya kuma a ƙarfafa rajistar haihuwa a ƙauyukan kansu, ta hannun maigari da ma'aikacin ɗakin shan magani, domin jaririn da aka raɗa wa suna ranar bakwai ya shiga littafi a wannan makon, ba sai ranar da zai zauna jarrabawar ƙarshen firamare a tashi neman alƙali ya ƙiyasta shekarunsa ba.